Tsuntsaye, dutse, keke da kwale-kwale: ta ina mutumin Gombe zai fara?

"Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Gombe, shekaruna 38, kuma likita ya ce jinina ya fara hawa, sai na dage da motsa jiki. Zagayen filin wasa ya gundure ni. Ina ganin bidiyon mutanen wasu ƙasashe suna hawan duwatsu, suna doguwar tafiya a keke, suna tuƙa ɗan ƙaramin kwale-kwale, wasu kuma kallon tsuntsaye kawai suke fita yi. Abin yana ba ni sha'awa, har maiɗakina ta ce in zan je ƙafata ƙafarta. To mu nan Gombe da Bauchi akwai inda za a yi haka? Da me ake farawa? Ya maganar tsaro, da kuma mutanen da za su ce na rasa aikin yi?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya sa hawan jinin ya tsaya iya nan. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko ƙasarmu tana da wuraren, wanne daga cikin huɗun ya kamata ka sa a gaba, da yadda za ku je ku dawo lafiya ba tare da kun zama abin nuni ba.

Na shafe sama da shekara 15 ina fita daji da ɗalibaina na sakandare, wani lokaci kuma ni kaɗai da littafina a aljihu. Tsuntsaye da dutse su ne na fi sabawa da su, keke abin hawana ne tun ina yaro, ruwa kuwa kullum a bayan masunta nake shigarsa. Da wannan ma'aunin za ka auna abin da zan faɗa. Kuma ni ba likita ba ne, don haka kafin ka hau dutse na farko ka koma wa likitanka ka gaya masa ainihin abin da kake shirin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, amma mai hawan jini shi da likitansa ne za su tsara yadda zai kai wurin.

Amsata a taƙaice ita ce akwai wuraren, har sun fi ƙarfin Asabar ɗinka. Abin da ke raba wanda ya ji daɗin fitarsa da wanda ya sha wuya ba tsadar kaya ba ce. Sanin lokaci ne, da sanin mutanen wurin. Shi ya sa nake cewa a fara da tsuntsaye da tafiyar ƙafa, a bi da keke, a bar ruwa a ƙarshe.

Ƙasar da lokutanta

Kogin Gongola shi ne igiyar da ta ɗaure jihohin nan biyu. Daga gefen tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ta Dindima, ya nausa arewa maso gabas har Nafada, sannan ya yi kwana ya gangaro kudu zuwa Dadin Kowa, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Duk inda ya bi akwai fadama, akwai lambu, akwai tsuntsu. Yamma da shi duwatsun Bauchi ne masu tauri da sulɓi, irin su Zaranda da Warinje da Mbula na Dass. Gabas da kudu kuma akwai Bima, da tudun Tula, da Kilang da ke tsaye kamar an kafa shi a ƙasar Tangale. Masana duwatsu ma sun san darajar wurin, don akwai wani nau'in dutse mai yashi-yashi da suke kira da sunan Bima, akwai wani kuma da suka raɗa wa sunan Bauchi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne kakar mai yawo. Ciyawa ta bushe, hanya ta buɗe, safiya da sanyi. Illar hunturu ɗaya ce, ranar da hazo ya sauka za ka hau dutse ka rasa abin hange, kuma mai asma ya yi hattara. Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40, to a nan duk abin da za ka yi ka gama shi kafin ƙarfe 9:30 na safe. Damina ta fi kowane lokaci kyau a ido, tsuntsaye suna saƙa, maza sun sa kayan ado, sai dai dutse yana santsi, kwari yana kawo ruwa ba sallama, maciji kuma yana yawo. In azumi ya faɗo a zafi, a jingine hawan dutse gaba ɗaya, a wadatu da zama bakin lambu da yamma.

Me ya sa tsuntsaye ne farko

Saboda ka riga ka fara, ba ka dai sani ba. Ka san balbela a bayan shanu, ka san carki a kan tozon sa, ka san hankaka da shirwa da kurciya da hasbiya, ka san kukan mujiya. In ka zauna da takarda yanzu za ka rubuta suna 20 ba tare da ka tashi daga kujera ba. A Najeriya an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 900, a Yankari kaɗai sama da 350. Abin da mai kallon tsuntsaye ya fi sauran mutane da shi kawai shi ne ya tsaya, ya duba da kyau, ya rubuta.

Kuma motsa jiki ne na gaske, ko da yake ba ya kama da shi. Ka fita bayan sallar asuba, ka bi gefen gonaki kana tafiya kana tsayawa, kafin ka ankara ka yi awa biyu a ƙafa, ka ci kilomita 4 ko 5, zuciyarka kwance. Ga mai hawan jini wannan kwanciyar hankalin ma wani magani ne.

Bari in nuna maka abin da ya kama ni. Wata safiya ta Janairu na tsaya a bakin wata gaɓar rafi da ruwa ya zaftare, ƙasar ta tsaya kamar bango. Jikin bangon duk ramuka ne, kowanne bai fi a zura yatsu uku ba. Can sai ga wani ɗan tsuntsu ya sauka a reshen ƙaya, bayansa kore shar, maƙogwaronsa ja wur, ƙarƙashin jelarsa shuɗi kamar an tsoma a baba, ga baƙin layi ya ratsa idonsa kamar kwalli. Ya tashi, ya cafke ƙudan zuma a iska, ya dawo reshen da ya bari. Bai haɗiye ba. Sai da ya buga kan ƙudan a jikin reshen, sannan ya juya shi ya goga ƙarshensa har ƙarin ya fita, kana ya cilla shi cikin maƙoshi. Ina tsaye ya maimaita haka sau uku, duka iri ɗaya. Wata ɗaliba da ke kusa da ni ta ce, "Malam, wa ya koya masa?" Tun ranar ba ta sake fashin fita ba. Allah da kansa ya ce a dubi tsuntsaye a sama suna buɗe fukafukai suna naɗewa, a Suratul Mulk aya ta 19, kuma 'yan'uwanmu Kirista na Kaltungo da Billiri sun san inda aka ce a dubi tsuntsayen sama da ba sa shuka ba sa girbi. Duk wanda ya ce maka ka rasa aikin yi, ka fara masa da wannan.

Tsuntsu kalanda ne. Shamuwa tana isowa gab da damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta yi ta cin fara, in ruwa ya ɗauke ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka. Tana tafiya sai tsuntsaye baƙi daga Turai su iso, daga Satumba da Oktoba, su zauna har Maris ko Afrilu. Akwai wani ɗan ƙarami mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu a fadama yana kaɗa jela sama da ƙasa. Nauyinsa wajen gram 20 ne, amma Sahara ya ƙetare kafin ya zo ya tsaya a gabanka. A bakin ruwa za ka ga zalɓe tsaye cik kamar an dasa shi, da garken kirinjijiya suna fito suna shawagi, da dinya in ka yi sa'a. A cikin kurmi za ka ji ragon maza, kukansa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. A gonakin shinkafa da dawa kuma za ka haɗu da jan baki, wanda manomi ba ya yi wa kallon sha'awa ko kaɗan, kuma yana da gaskiyarsa.

Akwai ɓangaren da ke sosa mini rai. Lokacin da muke yara ba ka zuwa kwata ka rasa ungulu a kan katanga. Yau sai ka zagaya mayanka uku ba ka ga ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulun tamu cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da farautarta don sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa, ta kusa zama labari a Najeriya. Burtu da mafarauta ke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗa, yanzu sai a gandun daji ake sa ran ganinsa yana takawa shi da matarsa. To wanda ya fita ya rubuta abin da ya gani ba wasa yake yi ba, shaida yake ajiyewa.

Kuma akwai inda shaidar ke zuwa. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tun ƙarshen 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Mai sa kai yana shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani a manhajar BirdLasser, ya tura. Matasan Arewa da yawa suna cikin aikin, kuma ta nan ne hanya mafi sauƙi ta samun abokan fita waɗanda suka fi ka sani.

Kaya kuwa kaɗan ne. Littafin rubutu da biro, hula, tufafi masu launin ƙasa. In hali ya samu ka sayi madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu ninki 8, ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita. Kada mai kanti ya ruɗe ka da mai ninki 20, hannu yana rawa, tsuntsu zai yi ta tsalle a idonka har kanka ya yi ciwo. Na gwanjo ma yana yi, muddin ka duba ta ciki ka ga hoto ɗaya ba biyu ba. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma ko manhajar Merlin za su taimaka wajen suna, amma malamin da ya fi koya mini wani tsohon mafarauci ne da bai taɓa riƙe madubi ba. Kuka kawai yake ji ya ce fakara ce, tana bayan wancan sabarar, kuma in ka je ka tarar.

Yankari ka ajiye ta a matsayin tukuici bayan wata biyu ko uku da farawa. Tana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta wajen murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga Gombe za ka bi hanyar Bauchi, ka wuce Alkaleri, ka karya kudu a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu dabbobi suna taruwa a kogin Gaji, nan ake sa ran giwa da ɓauna da gwanki. Ba a shiga dajin a ƙafa kai kaɗai, sai da jami'in gandu. Amma ko a kewayen sansanin da bakin ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina, mai haƙuri zai cika shafi biyu kafin karin kumallo. Ku rufe abincinku saboda birai, kuma ku guji baƙaƙen kaya da shuɗi, su tsando ya fi bi.

Hawan dutse

Kada ka fara da Kilang don ka gan shi a hoto. Samansa a miƙe yake, ba na sabon shiga ba ne. Ka fara da tuddan da ke bayan gari, irin na wajen Liji, ka ga yadda numfashinka yake. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne, in ba ka iya magana da na kusa da kai kana hawa ba, ka yi sauri da yawa. In ka ji jiri, ko ciwo a ƙirji, ko ganinka ya dushe, ka zauna a inuwa, daga nan kuma sauka za ka yi, ba ci gaba ba.

Bayan ƙafa ta saba, Tula ce nake fara kai mutane. Hanya tana hawa da kai har sama, iska ta sauya, ka ga gonakin da aka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya wanke ƙasa, aikin kakanni da har yau ake ci da shi, ga kuma tsohon gidan yarin zamanin Turawa. Bima yana kallon ruwan Dadin Kowa, kuma sunansa yana cikin tarihin masu hijira zuwa gabas a zamanin da Turawa suka ci ƙasar nan, zamanin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Mbormi kusa da Bajoga a 1903. A ɓangaren Bauchi akwai Mbula a Dass, akwai kuma zanen mutanen da a jikin duwatsun Geji da na Shira. Duwatsun biyu halinsu daban. Na Bauchi yana riƙe takalmi in a bushe yake, amma yayyafi kaɗan ya isa ya mai da shi sabulu. Na wajen Bima kuwa yana iya marmashewa a hannunka, don haka ka gwada kafin ka dogara.

Ruwa lita 3 nake ɗauka don fitar rabin yini, da dabino da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Ina kuma riƙe haɗin gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, saboda wanda zafi ya kayar. Kai da ke da hawan jini ka tambayi likita game da gishirin.

Abu biyu nake tsoro a dutse fiye da faɗuwa. Na farko zuma. Tana zama a kogo da tsagar dutse, kuma hayaniya da turare mai ƙarfi suna tayar da ita. In ka ji gunjinta ka ja da baya shiru. Na biyu kububuwa, wadda ba banza aka yi mata laƙabi da gobe da nisa ba. Gajera ce, launinta launin ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tarin kara, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Kudancin Gombe yana cikin wuraren da ta fi yawa a ƙasar nan, shi ya sa asibitin saran maciji na Kaltungo ya yi suna har maƙwabtan jihohi. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. In ƙaddara ta faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tam da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai. Ɓata lokaci wajen jiƙe-jiƙe shi ke kashe mutane.

Keke

A nan ba sai na tsawaita ba, don babu ɗan Arewa da za a koya wa keke. Tsohon Phoenix ko Raleigh ma zai kai ka, amma garin Gombe a cikin kwari yake, duk wanda ya taɓa hawan Tumfure da feda ya sani, saboda haka mai giya da faffaɗar taya ya fi. Ka sayi na gwanjo, ka kai wa mai gyara ya duba birki da sarƙa, ya ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, in ba haka ba gwiwa ce za ta biya.

Babban abokin gabarka ba gajiya ba ce, manyan motoci ne. Ka bar wa tireloli titin Bauchi da na Yola, ka nemi hanyoyin burji da na gonaki. In za ka yi ta wajen Kwadon zuwa Dadin Kowa, ka fita da sassafe, ka sa riga mai haske da hular kwano, ka dawo kafin rana ta take. Tsidau da ƙaya ba sa tausayin taya, to faci da sholisho da famfo su zauna a jaka kullum. Ka fara da kilomita 10, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Amfanin keke a wurina shi ne yana kai ni fadamar da mota ba ta shiga, kuma tsuntsu ba ya gudunsa kamar yadda yake gudun babur.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Wancan ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya da kake gani a bidiyo, kayak ake ce masa. A iya yawona ban ci karo da mai ba da hayarsa a madatsunmu ba, kuma ko da ka sayo naka, ba zan ce ka jefa shi a Dadin Kowa kai kaɗai ba. Madatsar tana wajen kilomita 37 gabas da Gombe, an kammala ta a shekarun 1980, kuma ruwan da ta tara ba kududdufi ba ne. Da safe yana kwance kamar faranti, da rana ta karkata iska ta taso sai ya zama wani abu daban. A ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci, akwai komar masunta, akwai kuma dorina.

Wata rana muna cikin kwale-kwalen wani masunci, ni idona yana kan wani zalɓe, sai na ji ya daina tuƙi. Ya ɗauki filafili ya ƙwanƙwasa gefen jirgin sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya yi shiru. Ni ban ga komai ba sai ruwa da ciyawa. Can gabanmu sai ga kunnuwa biyu ƙanana sun ɓullo suna karkaɗawa, sai hanci, sai wani huci da na ji har cikin cikina. Kusa da ita wani ƙaramin kai ya leƙo. Ya ce, "Mai ɗa ce, Malam," ya juya jirgin a hankali muka bi ta gefe mai nisa. Daga baya ya nuna mini abin da ya gani tun kafin ta fito: wata hanya da aka murƙushe ciyawa a bakin gaɓa, da kashi sabo a warwatse. Wannan ilimin ba ya cikin waya. Dorina tana kifar da jirgi, musamman mai ɗa, ko in ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, kuma manoma da masuntan yankin sun daɗe suna fama da ita.

Saboda haka hanyar da nake bi ita ce in nemi sarkin ruwan wurin, in gaishe shi, in gaya masa abin da ya kawo ni, shi zai haɗa ni da wanda ya san ruwan. A yi ciniki tun a tudu. Kowa ya sa rigar kariya ta ruwa, ko ya iya iyo ko bai iya ba, kuma ka sayi taka ka zo da ita, kada ka sa ran samu a can. Yawancin haɗarin jirgin da muke ji a labarai abu uku ne ke jawo shi: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar nan. Kada a kusanci bangon madatsa ko inda ake sakin ruwa, kuma in hadari ya haɗu a fito. In kana son ka koyi tuƙi da hannunka, masuncin zai ba ka filafili a wuri mara zurfi, kuma za ka ji a kafaɗarka cewa aiki ne. Haka za ka yi a Balanga, ko Gubi kusa da Bauchi, ko tafkin Maladumba wajen Misau, bayan ka nemi izinin masu kula da wurin.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fata ba tare da ka ji ba, bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Shi ya sa ba na barin ɗalibai su yi wanka ko su tsoma ƙafa a bakin madatsa. In ka jiƙe, ka goge jikinka nan da nan, in kuma ka ga alama ka je a gwada ka, maganinta yana nan a asibiti.

Mutanen wuri da maganar tsaro

Ba zan ɓoye maka ba, akwai dazukan da ba na zuwa yanzu. Dajin Lame-Burra da wasu sassan Alkaleri sun sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, kuma wannan lamari ne da ke sauyawa daga wata zuwa wata. Abin da na faɗa maka yau ba zai maye gurbin tambayar da za ka yi a makon tafiyarka ba. Ka tambayi direbobin tasha, ka kira wani ɗan garin, in za ka Yankari ko gandun namun daji na Sumu ka tuntuɓi ma'aikatan gandun. In aka ce ka dakata, ka dakata.

A irin wannan zamani, baƙo da madubin hangen nesa a bayan gari abin tuhuma ne, kuma mutane ba su yi laifi ba. An taɓa tare ni a wani ƙauye, 'yan banga suka kewaye ni suna tambayar wa ya aiko ni. Laifina ne, don na shiga ta bayan gida. Aka kai ni gaban mai unguwa, na nuna katin aikina, na buɗe littafin hotuna, na miƙa wa dattijon madubin ya duba wata shirwa a kan giginya. Ya daɗe bai sauke ba. Ƙarshenta shi ya haɗa ni da jikansa ya kai ni wata fadama da ban san da ita ba. Tun daga ranar ba na taka gona ko dutsen kowa sai na fara da ƙofar mai unguwa, da goro ko ɗan abin gaisuwa, in ɗauki ɗan gari ya yi mini jagora in biya shi haƙƙinsa. Shi zai gaya maka dutsen da ba a hawa saboda al'adar mutanensa, da rugar da karnukanta ba sa wasa, da gonar da ba a ratsawa. Kada ka ɗauki hoton mutum, ko mata a rafi, ko shingen jami'an tsaro, ba da izini ba. Kada ku gaza mutum uku, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku, kuma la'asar ta same ku a kan hanyar gida.

Maiɗakinka kuwa, ka gaishe ta, ka ce ta zo. Cikin ɗalibaina mata sun fi maza haƙurin tsayawa, kuma sukan riga su gano tsuntsu a cikin ganye. Doguwar riga da wando a ciki da takalmi mai rufi sun isa, hijabi mai launin ƙasa ko toka ya fi fari. Zuwanku tare ma yana kwantar wa mutanen ƙauye da hankali fiye da a ga namiji shi kaɗai yana leƙe-leƙe.

Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, ku ɗauki littafi da biro da gorar ruwa ku nufi lambu ko fadamar da ta fi kusa da unguwarku. Ku rubuta kwanan wata da wurin a saman shafi. Duk wanda kuka sani ku sa sunansa, wanda ba ku sani ba ku rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko bai kai ba, da launin bakinsa da abin da yake yi. Ku turo mini shafin, zan taya ku nemo sunayen. Kuma in damina ta matso, ku sa ido a kan manyan itatuwan unguwa, ina son ranar da shamuwar farko ta sauka a wajenku, don ina tara ta kowace shekara.